Darasi na Bakwai: Wa Za Ka Ɗauka Aiki a Shagonka?

Yawancin masu sana'a idan za su ɗauki yaro, gida suke fara dubawa: ɗan ƙane, ɗan maƙwabci, ko ɗan aminin mahaifi. Suna da hujja. Ka san asalin yaron, idan ya yi ɓarna ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Sai dai akwai cinikin da ke wuce shagon da ma'aikatansa duk 'yan gida ɗaya ne, masu yare ɗaya, kuma duk maza.

Yaren mai saye

Mu ɗauki Kantin Kwari a Kano. Masu sayen atamfa, shadda da leshi suna zuwa daga Maraɗi da Damagaram a Nijar, daga Njamena a Chadi, daga Marwa da Garwa a Kamaru. Da yawansu suna jin Hausa, amma ba duka ba. Mutumin Chadi ya fi sakin jiki da Larabci, na arewacin Kamaru da Fulatanci, wasu kuma da Faransanci suke ƙirga kuɗi. Kuɗin ma sai an lura: sefar Nijar daban, sefar Chadi da Kamaru daban. A kasuwar hatsi ta Dawanau kuwa, inda ake lodin wake, riɗi da zoɓo, za ka ji Yarbanci da Ibo a bakin masu saye.

Karanta wannan hira da ƙarfi:

Yaron shago: Alhaji, baƙon nan na jiya ya dawo, dila biyu yake so.

Alhaji: Wanda muka kasa fahimtar juna da shi?

Yaron shago: Shi fa, ranka ya daɗe. Sabon yaron nan ya yi masa magana da Larabci, sai ya zauna har ya sha ruwa.

Alhaji: To, a ba shi kujera mai kyau, a kira min yaron.

Baƙo idan ya ji yarensa, yakan daina tsoron za a cuce shi. Wanda ya daina tsoro shi ke sayen kaya da yawa, kuma shi ke turo 'yan garinsu.

Mata

Yawancin zanen da ake sayarwa mata ne za su ɗaura. Su suka san wanda ake yayi a gidan biki da wanda launinsa ke zuba a wanki na farko. Duk da haka sai ka ga mai shago ya sari kayan miliyoyi bai tambayi mace ko ɗaya ba. Sana'ar dillaliya tsohuwa ce a ƙasar Hausa, domin tana shiga ɗakin da namiji ba zai shiga ba. Yanzu wayar hannu ta ƙara mata tsawon ƙafa: tana tura hoton kaya ta WhatsApp, a zaɓa, a aiko kuɗi. A kemis ma, akwai ciwon da mace ba za ta faɗa wa namiji ba, sai ta juya ta tafi da kuɗinta.

Masu buƙata ta musamman

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa nakasassu bambanci a Najeriya. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ƙaramin shago ba sai ya jira doka ba. Riƙe littafin ciniki, zama kan na'urar POS da gyaran waya ba sa buƙatar ƙafa. A Kano akwai waɗanda shan inna ya kama da ke walda, suna ƙera keken guragu. Irin wannan ma'aikaci yakan daɗe a wuri ɗaya, kuma duk mai sana'a ya san wahalar koya wa sabon yaro aiki kowane wata shida.

Bayan ka ɗauke shi

Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Idan ka ɗauki baƙo amma ɗan ƙanenka ya fi shi albashi a aiki iri ɗaya, ko kullum shi ake fara zargi idan kuɗi ya ɓata, zai kama bakinsa. Ya ga kuskure ba zai faɗa ba, wata rana kuma maƙwabcinka zai ɗauke shi tare da duk masu sayen da ya saba da su.

Don haka a rubuta ƙa'ida ɗaya ga kowa: lokacin zuwa, albashi, hutu. Kowa ya kawo wanda zai tsaya masa, har ɗan gida. A ba kowa lokacin ibadarsa. A gidan burodi ko kemis wannan ma riba ce, domin Kirista zai riƙe wurin ranar Sallah, Musulmi ya riƙe ranar Kirsimeti. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi yana da daɗi, amma idan wanda ake yi wa ba ya dariya, mai shago ya tsawatar.

Aikin yi

A ce sabon ma'aikaci yana karɓar naira 40,000 a wata. Saboda yarensa, baƙi shida suna zuwa kowane wata, kowanne yana barin ribar naira 12,000. Nawa ya rage wa mai shago bayan ya biya albashi?

Rubuta yarukan da kake ji a bakin masu sayen kayanka. Ja layi a ƙarƙashin wanda babu mai jin sa a shagonka, ka kawo takardar aji mako mai zuwa.