Yadda Ake Gane Hedifon ɗin Wasan Bidiyo Mai Ƙarko Kafin a Biya Kuɗi

Ba kasafai hedifon ɗin wasan bidiyo yake mutuwa ta wajen lasifika ba. Sau da yawa sautin yana nan daram, sai dai gaɓar da ke riƙe da kunnuwan ta tsage, ko wayar ta tsinke ta ciki, ko fatar soson ta fara ɓarewa tana manne wa mutum a kumatu. Saboda haka ya kamata mai saye ya fara gwaji da hannunsa, ya kawar da ido daga fitilu masu launi da manyan lambobin da aka buga a jikin kwali.

Ka fara da gaɓar da ta haɗa kowane kunne da baka mai zagaye kai, domin nan ne ke shan wahala duk lokacin da aka sa ko aka cire. Ka buɗe hedifon ɗin a hankali gwargwadon faɗin kanka, ka ɗan murɗa shi, ka saurara. Idan ka ji robar tana ƙara, ko ka ga gaɓar siririya ce kuma sukuru ɗaya tak ke riƙe da ita, to ka ajiye shi. HyperX Cloud II, wanda ya fito a 2015, ya yi suna wajen ƙarko, kuma an ƙera wannan sashe nasa da alminiyum. Wannan ba ya nufin duk na roba ba shi da kirki, don roba mai kauri takan jure kuma ta fi sauƙin nauyi, abin da wuyanka zai gode wa bayan sa'o'i uku ana wasa. A ganina, duk wanda ya haura giram 350 yana bukatar baka mai faɗi da ke rarraba nauyi, irin ɗamarar yadi mai talewa da SteelSeries ke sa wa jerin Arctis.

Daga nan sai soson kunne, wanda mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ka danna shi da babban yatsa: mai kyau yakan dawo sannu a hankali, mara kyau kuwa nan take zai tashi, ko ya lotsa har ka taɓo robar da ke ƙasa. Wanda aka lulluɓe da fatar roba ya fi toshe hayaniyar waje, amma gumi da zafi su ne ajalinsa, kuma wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, zai fi jin daɗin na yadi. Ka tabbatar ana iya cire soson a sauya wani. Mai tabarau kuma ya gwada da tabaransa a fuska.

Wayar da ake iya cirewa ta fi wadda aka liƙa, tunda idan ta lalace ita kaɗai za a saya. Ka duba ko akwai roba mai lanƙwasa a gindin fulogi, sannan ka ƙirga zobban da ke jikin fulogin mai milimita 3.5: uku na nufin yana ɗauke da sauti da makirufo tare, biyu kuwa sauti kaɗai. Kwamfutar tebur mai ramuka biyu, kore da ruwan hoda, tana bukatar wayar da ke raba su.

Shi kuwa makirufo, ka lanƙwasa sandarsa ka sake ta, domin dole ne ta tsaya inda aka ajiye ta. Ka daidaita shi a gefen baki, tazarar yatsu biyu, ka ɗauki muryarka a wayar salula alhali fanka tana juyawa, ka kuma shafi wayar hedifon ɗin da hannu yayin ɗauka. Idan hucin numfashi ko ƙarar fanka ko gogar waya ta danne maganarka, haka abokan wasanka za su riƙa jin ka kullum. Ka danna maɓallin kashe murya sau da dama ka ji ko yana sako-sako.

Idan mara waya kake so, ka zaɓi mai ɗan makullin USB na 2.4GHz, wato ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin USB don ta aika sauti zuwa hedifon ɗin, saboda Bluetooth yana jinkirta sauti, kuma ingancinsa yakan ragu da zarar an kunna makirufo.