Yadda ake neman bursin mastar na masu jagoranci daga Damagaram

Duk shekara da damina ta sauka, yaran da suka gama lisans sukan fara sallama a ƙofar gidanmu, kowa da fayil ɗin roba a hammata. Wani ya gani a WhatsApp an ce akwai bursi, ana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na ci da sha, shi ne ya zo in cika masa. Ni ma haka na fara, kuma sau biyu ana mayar da ni kafin in gane inda gizo ke saƙar. Ba zan tsaya koya wa kowa buɗe imel ko rubuta CV ba, wanda ya yi shekara uku a jami'a ya wuce nan.

Fara da zaɓen ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, kuma kada ta wuce uku. Na ga mai neman bursi tara a wata guda, duka da rubutu ɗaya, suna kawai yake sauyawa. Ko ɗaya bai samu ba.

Chevening ta gwamnatin Ingila ce, mastar ta shekara ɗaya. Tana neman ka yi aiki na shekara biyu, su kuma da awa suke ƙirgawa, awa 2,800, sannan ka yi alkawarin komowa gida na akalla shekara biyu bayan karatu. Schwarzman a jami'ar Tsinghua take, a birnin Beijin na ƙasar Sin, ita ma shekara ɗaya, da Turanci ake karatun, kuma wanda ya kai shekara 29 ya wuce layi. Knight-Hennessy ta jami'ar Stanford ce a Amurka, tana ɗaukar nauyi har shekara uku, amma neman biyu za ka yi, na bursin daban, na sashen da za ka karanta daban. Akwai Rhodes a jami'ar Oksfod ta Ingila, wadda Nijar ke cikin kasonta na Afirka ta Yamma, sai dai iyakar shekarunta ta matse, ta 'yan ashirin da kaɗan ce. Akwai Mandela Rhodes ga mai son karatu a Afirka ta Kudu. Ni dai ga ɗan Damagaram da ya taso da Faransanci, McCall MacBain ta jami'ar McGill a Kanada nake fara nuna masa, don a jami'ar nan ɗalibi na da 'yancin rubuta aikinsa da Faransanci ko da da Turanci ake darasin. Sai kuma shirin Mastercard Foundation, wanda ke da hannu a makarantu da dama, har da 2iE, makarantar injiniyoyin ruwa da muhalli ta Wagadugu, da jami'ar Sciences Po ta Faransa. Kada ka rena na Wagadugu don yana kusa.

Yawancin manyan nan tsakanin Agusta da farkon Nuwamba suke rufewa, karatun kuma sai shekara ta zagayo. Ranar takan motsa daga bana zuwa baɗi, saboda haka a shafinsu za ka duba, kada ka dogara da saƙon da aka turo maka. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ya sa sunanka a jeri, ɓarawo ne, ka toshe lambarsa.

Daga nan sai takardu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka karɓi takardar maki ta kowane zango, da shaidar kammalawa, tun kafin a tafi babban hutu. Ko a jami'ar André Salifou ka yi, ko Abdou Moumouni ta Yamai, lisans ɗinka ta tsarin LMD ce, shekara uku, kuma akwai jami'o'in waje da sai sun ga shekara huɗu suke yarda. Ka rubuta wa sashen ka tambaya kai tsaye ko lisans ta isa ko sai da Mastar 1. Imel ɗin layi uku ne, yana iya cece ka wahalar wata uku. Makinka kuma ka bar shi yadda yake, bisa 20. Kada ka zauna da kalkuleta ka mayar da 13 zuwa tsarin Amurka, za ta fito kamar ka faɗi, alhali a nan mun san gumin da ake yi kafin malami ya ba da 14. Fassarar takardu ka kai wa mai fassarar da ya yi rantsuwa gaban kotu, mai hatimi, ba abokinka malamin Turanci na kwaleji ba, komai iyawarsa.

Abin da ke kayar da namu a nan shi ne suna. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta bak ta ce Mahaman, fasfo ya ce Mamane. Mu mun san mutum ɗaya ne, na'urarsu ba ta sani ba. Haka wanda aka rubuta wa shekarar haihuwa kawai babu rana. Ka shimfiɗa takardunka duka a tabarma ka bi su harafi harafi, inda suka saɓa ka gyara tun yanzu, don gyaran kotu ba a yinsa a sati guda. In ba ka da fasfo, yau ka fara nema.

Jarrabawar Turanci, IELTS ko TOEFL, ita ce mai cin kuɗi. Kuɗinta kaɗai ya haura jika ɗari, ban da mota da masauki. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kwana guda cur a bas ta Tasawa da Maradi da Ƙonni da Doso, Kano kuwa ba ta kai sulusin haka ba, shi ya sa wasu ke gangarawa can in hanya na lafiya. Sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu, kada ka yi gaggawar zana ta kafin ka shirya. Wasu jami'o'i na karɓar ta Duolingo da ake yi a gida, ta fi arha sosai, amma sai da ɗaki shiru da intanet da ba ya yankewa na awa guda, ka san kuwa halin da muke ciki. Inda namu ke faɗuwa shi ne saurare da magana. Wata huɗu ka yi kana jin rediyon Turanci kullum, kana ɗaukar muryarka a waya kana sake ji, ko da za a yi maka dariya a fada.

To, yanzu ga inda na faɗi, kuma nan nake so ka tsaya.

Kowace daga cikin bursin nan za ta ce ka ba da labarin jagorancinka. Karo na farko na zauna na jero muƙamai: wakilin aji, sakataren ƙungiyar ɗaliban yankinmu, ma'ajin kulob, mataimakin shugaban wata ƙungiyar matasa da, tsakani da Allah, taro biyu muka taɓa yi. Na ƙawata shi da manyan kalmomi, na ce Nijar ƙasa ce mai fama da talauci da hamada, ni kuma ina da burin ceto ta. Na karanta na ji daɗi. Amsa ta zo da layi biyu na ban haƙuri. Karo na biyu na ƙara muƙami ɗaya, na ƙara ƙawa, amsar ba ta canza ba.

Wata yayata da ta yi karatu a waje ce ta karɓi takardar, ta karanta a tsakar gida tana tsinken zogale, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ƙanena, na ga kujerun da ka zauna. Me ka yi a kansu?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Shekarar da kake kwantiragi a ƙauyen nan na bayan Mirya, da 'yan mata suka daina zuwa aji, ba kai ka dawo da su ba?" Na ce ai wannan ba wani abu ba ne, Yaya. Ta ce shi ne kaɗai abin da ke cikin rayuwarka da ya isa a rubuta.

Abin da ya faru shi ne, da rani ya yi tsanani layin ruwa a famfon garin yakan kai hantsi, 'yan matan ajina kuma su ke ɗibar ruwan gida. Na fara zuwa gida gida ina yi wa iyaye wa'azin ilimi, suka saurare ni don kunya, ba abin da ya sauya. Wata uwa ta ce mini, "Mushe, in ta tafi lakwal kai za ka ɗebo mana?" Daga nan na bar wa'azi. Na je wurin mai gari, na je wurin mai kula da famfo, na yi sati uku ina zarya, har aka yarda a riƙa buɗe famfo tun bayan asuba, kuma jarkar 'yar makaranta ta shiga gaba. Matan da ba su da 'ya'ya a makaranta suka yi fushi, da gaskiyarsu, sai da aka zauna aka raba kwanaki. Cikin 'yan mata goma sha ɗaya da suka bari, takwas suka dawo. Uku ba su dawo ba, biyu aure aka yi musu. Wannan na rubuta a karo na uku, har da ukun da suka kuɓuce mini, har da kuskurena na farko.

Ga yadda nake sa yara su gina nasu. Labari ɗaya, iyaka biyu. Layin farko ya faɗi wuri da matsala, ba tarihin ƙasa ba, masu karantawa suna da taswira. Sai wanda ya ƙi yarda da kai da dalilinsa, don inda babu mai ja babu jagoranci, aike ne kawai. Sai abin da ka yi da hannunka da bakinka, bi da bi. Sai abin da ya sauya, da lamba ta gaskiya komai ƙanƙantarta, mutum takwas ɗin da za ka iya kiran sunayensu sun fi dubun da ka ƙirƙira. Sai abin da ka koya, a layi biyu.

Matsalarmu babba tarbiyya ce. An raine mu da cewa yabon kai jahilci, shi ya sa kowa ke rubuta "muka yi", "aka yi", "ƙungiya ta yi". Mai karantawa a can ba zai ba ƙungiya bursi ba, yana neman ya san wane ne kai a cikin "mu" ɗin nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nakan ba yaro jan biro in ce ya zagaye kowane "mu" a takardarsa, ya tambayi kansa wa ya yi. In shi ne, ya ce shi ne. In wani ne, ya ba shi haƙƙinsa. 'Yan mata sun fi shan wahalar wannan. Wata da ta tsara adashen mata masu ƙuli-ƙuli a Garin Malam, ta riƙe littafin shekara biyu ba a taɓa rigima ba, sai da na yi da gaske kafin ta yarda wannan jagoranci ne. Ita a ganinta sai mai riƙe makirufo a taron ONG.

Shawarata kuma, ka fara faɗin labarin da Hausa, da baki, ga wanda ba ya jin kunyar ce maka ka cika surutu. In ya tsaya da Hausa, sai ka rubuta da harshen da suka nema. In ka fara da Faransanci za ka tsinci kanka cikin salon disertasiyo na ajin ƙarshe na lise, gabatarwa mai tsawo da jimloli masu rawani. Kada kuma ka ba na'ura ta rubuta maka, za ta ba ka rubutu sumul wanda babu ƙurar Damagaram ko ɗaya a jikinsa, irinsa ɗari suke karantawa a wuni.

Sashen abin da za ka yi bayan karatu, ka sauko ƙasa. "Zan zama minista" ba tsari ba ne. Faɗi irin aikin da za ka nema a shekara biyun farko, a wane fanni, a wane yanki, da darasin da ke cikin mastar ɗin da zai ba ka abin da ka rasa yanzu. Ka buɗe jerin darussan ka ambaci biyu da sunansu.

Masu yi maka shaida, yawanci biyu ko uku ake nema. Kada ka bi girman rawani. Wasiƙar babban mutum da bai san ka ba layi huɗu ce, "yaron kirki ne mai ladabi". Malamin da ya duba memuwarka, ko daraktan da ya ga zaryarka, su za ka nema. Ka je da ƙafarka wata biyu kafin lokaci, ka gaishe shi, ka ce, "Malam, alfarma na zo nema," ka bar masa takarda ɗaya mai ɗauke da abin da kuka yi tare da ranar rufewa. Wasu bursin saƙo suke tura masa kai tsaye ta imel, kuma sau da yawa cikin kwandon sharar imel ɗin, wato spam, yake faɗawa. Nawa malamin sai da na zauna gefensa a ofis muka tono shi tare, saura kwana biyu.

Ka tura sati guda kafin a rufe. In sun ce 12 na rana agogon GMT, ƙarfe 1 ne a nan. Na san wanda wuta ta ɗauke masa a siber yana loda takarda ta ƙarshe, ya hau kabu-kabu ya zaga Zango da Birni yana neman mai janareta, ya iso an rufe. Rubutunka ka ajiye shi a waje guda daban, kada ka rubuta kai tsaye a cikin fom.

In an kira ka hira, labarinka za su tona, sai ka sake karanta abin da ka tura, ka sa mutum biyu su yi maka tambayoyi da agogo a hannu. In ta bidiyo ce, ka nemi ofishin wani mai sola, ka sayi data a layi biyu. Biza kuwa ka duba halinta tun ranar da ka zaɓi ƙasa, don dangantaka na sauyawa. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai tun farkon 2024. Kuma ko an ce komai an biya, ka tanadi kuɗin motar Yamai da na kwana da na hoto da gwajin likita, wasu sai ka isa can suke mayar maka.