Yadda ake tafiyar kwanaki a ƙafa cikin duwatsun Tula a lokacin damina

Shekarun nan samarinmu na Gombe da Bauchi sun fara sha'awar saɓa jaka su nufi duwatsu. Wasu su hau Mbula a Dass, wasu Bima a wajen Dadin Kowa, masu ƙarfin hali kuma su ɗauki kwana 3 ko 4, daga Kaltungo su haura Tula su gangara ta ɓangaren Dadiya. Na raka da dama daga cikinsu. Yawancin waɗanda suka juyo tun kwana na biyu ruwa ne ya kore su: ya dake su a kan tudu, kaya suka jiƙe, aka kwana ana rawar ɗari, gari ya waye ƙafa duk bororo.

Fara da jaka. Ka aza ta a sikelin masu hatsi, kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Mai kilo 65 iyakarsa kilo 13, har da ruwan sha. Kafin ka sa komai, zura babbar leda mai kauri a cikinta, kaya su shiga cikin ledar, ka murɗe bakin. Murfin nan da ake sayarwa don rufe jaka ta waje asarar kuɗi ne, iskar farko za ta yi gaba da shi. Tufafi kala biyu sun isa, na tafiya da na barci. Na barcin, da safa da rigar sanyi, a ƙulle su a leda ta biyu, ba a taɓa su sai an sauka masauki. Da safe ka mayar da jiƙaƙƙun na jiya komai sanyinsu, tafiyar minti goma za ta ɗumama su. Wandon jins a bar shi a gida, idan ya sha ruwa sai ya yini bai bushe ba. Kayan 'yan ƙwallo na gwanjo sun fi shi, ga araha.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, wato lokaci. Ana sallame asuba ka ɗau hanya, duk wani hawa kuma ka gama shi kafin azahar. A farkon damina, wajen Mayu da Yuni, da kuma ƙarshenta, hadari ya fi haɗuwa da yamma, kuma daga gabas yake tasowa, ya zo da iska mai ƙarfi. Don haka duk inda ka tsaya shan ruwa, waiwaya gabas. Idan ka ga gajimare yana tsiri sama kamar tarin auduga, gindinsa ya yi baƙi, iska ta ɗauke, zufa ta ƙi bushewa, to fara neman hanyar sauka. Kada ka jira sanyayyar iskar nan mai tayar da ƙura, ita tare da ruwan take tafe. Hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, yana da amfani, ka duba kafin sabis ya ɗauke, amma shi labarin yanki guda yake ba ka, bai san tudun da kake kai ba.

Ka koyi ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa. Ƙara tana cin kilomita 1 a cikin kusan daƙiƙa 3. Ka ga walƙiya, ka ƙirga 15 kafin ka ji rugugi, to hadarin yana kilomita 5 daga gare ka. Duk abin da ya gaza daƙiƙa 30, bai kamata a same ka a ƙololuwa ba.

Ni da kaina na taɓa yin wannan kuskuren. Mu huɗu ne, mun makara wajen tashi saboda shayi, la'asar ta kusa muna kan falalen dutse. Wani dattijo makiyayi yana kora shanunsa ƙasa ya ce mana, "Samari, ku sauka, gabas ta haɗe." Na ce, "Baffa, ai saura kaɗan mu kai." Bai ƙara magana ba, ya bi dabbobinsa. Ba a yi rabin awa ba ruwa ya kece. Dutsen da muka taka ɗazu hankali kwance ya koma santsi kamar an zuba masa miyar kuɓewa, muka riƙa sauka da mazaunai, ɗayanmu ya gurɗe a idon sawu. Rigar sanyina kuma tana saman jaka, ba leda. Daren nan ban runtsa ba. Duwatsunmu ba su kai na Filato tsawo ba, amma iska a kan jiƙaƙƙen jiki tana zuƙe ɗumi da sauri fiye da yadda mutumin Gombe yake zato.

Idan hadari ya riga ya ritsa da kai, sauka daga tsololuwa zuwa gangare. Kada ka fake a gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai, kada ka tsaya a bakin kogo, kada kuma ka shiga kwazazzabo, nan ruwan dutse yake bi. Ajiye sandar ƙarfe nesa, ku rarrabu da 'yan uwan tafiya, ka tsuguna a kan jakarka ƙafafu a haɗe, ka lulluɓa da tamfol.

Bayan ruwa sai rafi. Wanda ka tsallake da safe bai kai idon sawu ba, da yamma sai ka same shi ja wur yana tafe da itatuwa. Idan ya kai gwiwa yana gudu, zauna. Ruwan dutse yadda yake cika da sauri haka yake janyewa, 'yan awoyi ne. In za ka shiga, kwance maɗaurin jaka na ƙugu, ka fuskanci inda ruwan yake fitowa, ka dogara da sanda.

Masauki a kan ɗan tudu mai tsakuwa, ba cikin ciyawa ba. Yankin Kaltungo ya yi suna da kububuwa, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji yake garin. Takalmi rufaffe, tocila a hannu da dare, a kaɗe takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga ba tsotsa ba ɗaurewa, a ɗauki mutum a nufi asibiti.

Abinci garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi, ba sa buƙatar wuta. Ashana a cikin robar magani. Ruwan rafi a tafasa. Mai yawan zufa ya haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1. Ƙafa kuwa duk dare a wanke ta a shanya, inda ya fara zafi a manna filasta tun bai tashi ba. Kowane ƙauye ka shiga, fara da gaida mai unguwa, ka faɗa masa inda ka nufa, ka tambayi lafiyar hanya, in ya haɗa ka da ɗan jagora ka biya shi hakkinsa.