Yadda na shawo kan rashin barci

A watan Afrilu ne, zafin garin Garwa na ƙasar Kamaru ya haura digiri 40, ga bashin kaya a kaina. Wuyana ya sanƙare, kai na sarawa, barci sai ƙarfe biyu. Na yi ta haɗiyar maganin ciwon kai a banza.

Da likita ya auna ni, ya ce damuwa ce: jiki na ta sakin sinadarin kotisol da adirenalin, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau.

Na daina shayin dare mai kaurin nan. Bayan Asuba nakan taka har gadar Binuwai in dawo. Bashin kuwa, na cire kunya na samu Alhajin da ke bina, muka raba biyan wata-wata. Daren ranar na yi barci har na makara sallah.