Dabarar da ta hana ni fashin tattaki

'Yan uwa masu son rage tumbi, ku nemi abokin tattaki ku sa wa juna tara. Wanda ya yi fashi ya biya dala arba'in, wato sefa 200.

Ni da maƙwabcina muna fita bayan sallar asuba, daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi mu miƙa har kusa da babbar kasuwa mu dawo, minti 30, kwana 5 a mako. Ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu.

Kuɗin ba wani abu ba ne, kunya ce ke tada ni. Mutum na tsaye a ƙofar gidanka da takalmi a ƙafa, ta yaya za ka koma bargo? Tarar muna jefa ta a gwangwanin madara, ta kusa isa sayen sabon takalmi.

Amma kada ka zaɓi mai yawan yafiya, ku biyu za ku kwanta. Kuma in ka dawo ka zauna wa ƙosai da shayi mai sukari cokali 4, tumbin na nan daram.

Watan Afrilu kuwa, kada rana ta same ku a hanya. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita.