Karo mai kama da katako ko dutse: kurakuran da masu gini ke ta maimaitawa

A Maradi yanzu ana yawan son karon daɓen nan mai zanen katako ko marmara, wanda ake rubuta "grès cérame" a jikin kwalinsa. Kaya ne mai ƙarko, ana gasa shi a wuta mai zafin digiri 1200 ko kusa da haka, shi ya sa ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Tun a shago ka gwada: kifa shi, ka ɗiga ruwa a bayansa. In ya tsotse nan take, karon yumɓu ne aka yi wa kwalliya.

Babban kuskuren daga rashin shan ruwan nan yake fitowa. Mai sa karo ya saba jiƙa karo a baho, ya kwaɓa siminti da yashi, ya ɗora. Wannan karon ba ya kama siminti haka. Bayan wata ƴan kaɗan sai ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar fanko, gefe ya fara tashi. Siminti mai gam ake sa masa, wanda aka rubuta C2 a buhunsa, a shafa a daɓe da cokali mai haƙoran milimita 10, a kuma shafa a bayan karon. Buhun kilo 25 yakan ci murabba'in mita 4 zuwa 5. A zafin Afrilu kada a shafa fiye da wurin karo biyu ko uku lokaci ɗaya, gam ɗin na yin ɓawo kafin a ɗora. In mai aiki ya ce maka "haka muke yi tun da", Alhaji, sallame shi. Kuɗinka ne za a fasa da guduma, ba nasa ba!

Kuskure na biyu, wajen jera dogon karo mai zanen katako, santimita 20 da 120. Yana da ɗan doro a tsakiya tun daga wurin gasa shi. In aka jera shi rabi da rabi kamar bulo, bakin wannan ya faɗa kan doron wancan, ƙafa na tuntuɓe. Ni dai ba na yarda a goce fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa.

Sai marmara mai sheƙi kamar madubi. Yashin da takalmi ke kwasowa yana goge ƙyallinsa a bakin ƙofa, kuma in ruwan alwala ya zuba, santsi ne. Tsakar gida da makewayi a nemi mai lambar hana santsi R10 ko R11. Baƙin karo kuwa, lokacin hunturu sai mai shara ta gaji da ƙura.

A duba lambar launi da ta awo a kowane kwali, su zama ɗaya. A ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan awon ɗaki, don in ya ƙare ba lalle ka samu irinsa a kasuwa ba. A gauraya kwalaye uku ko huɗu wajen jerawa, kada ƙullin katako ɗaya ya yi ta maimaituwa gefe da gefe. A bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin karo, milimita 5 a jikin bango.