Yadda za ki saka kayan adakar Hajiya a yau ba tare da an ce ranar ƙauyawa kike ba

Kafin ki sake kwasar kuɗi ki kai Kantin Kwari ki sayo atamfar da wanki biyu za ta koɗe, dan Allah ki lallaɓa Hajiya ko Inna ta buɗe miki adakarta. Kusan kowane gida akwai akwatin nan da ba a taɓawa, zannuwa tun na lefe an jera suna ta warin kafur, mu kuma ba ma tunawa da su sai ranar ƙauyawa a biki ko a makaranta, a ɗaura a yi hoto a sha dariya a mayar. Abin nan yana ba ni haushi gaskiya, don kayan sun fi ƙarfin wasa, da yawansu ko da kuɗinki yanzu ba za ki samu irinsu ba.

Amma fa da izini. In mai kayan tana raye ki roƙa, kuma ki faɗa mata gaskiya in yankawa za ki yi. In ta rasu, Allah ya jiƙanta, to kayan nan gado ne, ba naki ba ne don kin riga kowa buɗe akwatin, a bari a raba tukuna.

To an buɗe, sai ki san me kika riƙe. Ki fara duba gefen atamfar, nan kamfani ke buga sunansa. In kin ga Vlisco ko Hollandais to Holandis ce daga garin Helmond na ƙasar Holan, Super ɗin da iyayenmu ke ji da ita a 1973 ta fara fitowa. In ABC kika gani ita ce Ingila, a kusa da Manchester ake buga ta lokacin kafin aikin ya koma Ghana. Sai namu na gida, Nichem da UNTL, kuma kar ki raina su, lokacin da Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, take Kakuri, masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, ga masaƙar Arewa ga ta UNTL, da audugarmu ake saƙawa, shi ya sa za ki ji zanen da nauyi a hannu. In an riga an yanke gefen sai ki juya bayan, ta gaskiya ciki da waje kusan kala ɗaya ne, kuma za ki ga 'yan tsage-tsage na rini a jikin zanen da ba sa maimaita kansu daidai, wadda bayanta ya yi fari fat kuwa bugun fuska ɗaya ce.

In Allah ya ba ki sa'a kika ci karo da saƙi ko tsamiya ko zane mai ratsin alharini, to ki riƙe da hannu biyu. Saƙi za ki gane shi da ƙyalle siri-siri da aka saƙa da hannu aka harhaɗa, baƙi-baƙi shuɗi-shuɗi na rinin baba. Irin wannan ba a sa masa almakashi, ko tela ya rantse miki zai fitar da stayil.

Daga nan ki ɗaga kowane zane ki haska a rana. Inda ya daɗe a ninke nan ne yake fara mutuwa, za ki ga layin ya yi shara-shara, ko asu ya yi ƙananan huji. In kin ɗan ja kin ji yana neman yagewa to ba na ɗinki ba ne, ki yi kallabi da ɓangaren da ke da rai. Wanki kuma ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba omo ba bilic, ba a jiƙa a tafi kallon fim, a shanya a inuwa a juye. Mai rinin baba shi kaɗai ake wanke shi don yana zuba. Warin kafur iska ce maganinsa, kwana biyu zuwa uku a igiya, kar ki kwara masa turare ki ce za ki rufe, haɗuwar su biyun ta fi muni. In ya huce sai ki turara.

Yanzu sakawar. Abin da ke sa a yi kama da 'yar ƙauyawa shi ne a kwaso komai lokaci ɗaya, zani da buba da fatala da murjani da jigida da kwalli har kunne. Tsoho ɗaya ake ɗauka, sauran su yi shiru. In zanen saƙi ne ki ɗaura shi yadda yake, ki sa riga ta yadi mara ado, fara ko ruwan madara ko baƙa, da mayafi kalar rigar, shikenan kin gama. In tsohuwar Holandis ce cikakken turmi, falle uku, ni da za a bi tawa buba da zani za a yi irin na shekarun 1970, wuya zagaye hannu mai faɗi, don zanen atamfar da manya ne, fulawa ɗaya sai ta cika tafin hannu biyu, in aka yayyanka ta aka yi matsattsen siket mai fanel takwas an kashe zanen, ba wanda zai gane me aka zana. Doguwar riga sakakkiya ma tana karɓarta. Ki ce wa tela kar ya sa dutse, kar ya sa net, kuma ya dawo miki da ƙyallen da ya rage, ki tsaya a kan wannan don sun iya mantuwa.

Leshin da aka yi yayi bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, wajen 1975 zuwa sama, mai manyan huji ɗin nan da nauyi, shafi mai kyau kawai yake so, kalar da ta yi kusa da shi. Ɗauri kuwa nan ne za ki yi wasanki, ture-ka-ga-tsiya ya dawo da kansa ma ba sai an tallata shi ba. Murjani silli ɗaya a wuya da ƙananan 'yan kunne ya isa, amma ki sake masa zare kafin ki fita, tsohon zare a tsakiyar taro yake tsinkewa. Takalmi da jaka na yanzu za ki sa, su ne ke nuna da gangan kika yi.

Maza ku ma ku leƙa kayan Baba. Babbar riga mai aikin hannu, aska biyu ko aska takwas, irin da kuke gani a hotunan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ba a rage ta, ba a kai ta wajen mai keke ya ƙara mata aiki, girman nan shi ne kyanta, kafaɗa ake naɗe hannun a kai. Ka ɗinka 'yar ciki da wando sababbi na farar shadda ko yadi ka ɗora ta a sama. In ta yamutse wajen masu bugu za ka kai ta, kamar na Ƙofar Mata in a Kano kake, dutsen guga mai zafi yana kwantar da aikin ya ƙona zaren. In kuma riga ta maka nauyi ka fara da hula, doguwa irin ta Shagari a kan kaftani mara aiki, ko haɓar kada in kana da ƙarfin hali. Jar dara da farin kaya irin na Malam Aminu Kano tana da kyau matuƙa, sai dai a Kano ta yau ka shirya amsa tambayar siyasa tun daga bakin layi.

Wanda ba ki saka ba ki sake ninke shi ta wani layin daban, ki naɗe a farin ƙyallen auduga, ba leda ba don tana tara gumi ta kawo fumfuna, kafur ɗin ma a ƙulle shi a tsumma kar ya taɓa zanen. Duk bayan damina a fito da su su sha iska. In kuma dillaliya ta zo tana cewa tsofaffin kaya ne ba mai so, ta ba ki roba ko 'yan canji, ki ce mata sai kin yi shawara, ki kai wa wata tsohuwa da ta san zani ta faɗa miki kuɗinsa tukuna.